Bisa Sawun Sonny Bill a Auckland

Watan Yuli tsakiyar hunturu ne a Niyu Zilan, kuma hunturunsu na ruwa ne da iska mai ratsa ƙashi. Birnin Auckland na zaune tsakanin mashigin teku biyu, bisa tsaunukan aman wuta kusan 50 da suka daɗe da yin shiru, ciyawa ta lulluɓe su kore shar. Ruwa zai sauko, rana ta leƙo, ruwa ya sake saukowa, duk kafin azahar, amma babu wanda hakan ke hana wa fita. Ranar Asabar da safe duk unguwar da ka ratsa filinta cike yake da yara suna zari-ruga cikin taɓo, iyaye na tsaye a bakin layi da lema, wata uwa na raba yankakken lemo idan an tafi hutun rabin lokaci. A wasu rukunan ƙananan yara har da sikeli ake aiki, ana haɗa yaro da sa'anninsa a nauyi don kada ƙato ya murƙushe ƙarami ya sa shi ya tsani wasan. Wannan kula ta burge ni ƙwarai.

Mai masaukina dattijo ne ɗan asalin tsibirin Samoa, wanda ya yi shekaru yana horar da yaran unguwa ba tare da ana biyansa ko sisi ba. Shi ya fara nuna mini cewa abin da mu daga nesa muke ɗauka wasa ɗaya, a wurinsu gida biyu ne. Akwai Yuniyan, na mutum 15 a kowane ɓangare, akwai kuma Lig, na mutum 13. Ƙwallon iri ɗaya ne, mai siffar ƙwai, ba a miƙa shi gaba sai baya ko gefe, kuma burin kowa ya dire shi bayan layin abokan hamayya. Daga nan hanya ta rabu. A Lig idan aka kayar da kai sai a sake ka, ka tashi ka tura ƙwallon baya da ƙafa, masu tsaron gida su ja da baya mita 10. Sau shida kawai za a kayar da ku, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. A Yuniyan faɗuwarka ce farkon rigima: nan take ƙarti za su yi rububi a kanka, kowa na neman ƙwace ƙwallon, ga turereniyar mutum takwas-takwas, ga jifa daga gefen fili inda ake ɗaga mutum sama ya cafke. Bambancin ya yi kama da na dambe da kokawa. Fili ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma gwanin ɗaya kan zama ɗan koyo a ɗayan.

Asalin rabuwar kuɗi ne. A 1895 wasu ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, saboda 'yan wasansu ma'aikatan masaƙu ne da na ramin kwal, kuma hukumar wasan ta hana a biya su ladan aikin da suke rasawa ranar wasa. Daga su Lig ya samo asali. Yuniyan ya ci gaba da haramta albashi har 1995, shekara 100 cur, kuma a tsawon lokacin wanda ya tsallaka Lig ya karɓi kuɗi an rufe masa ƙofa ke nan. Har yau ana jin ƙamshin wannan tarihi a Auckland. Filin Eden Park, mai ɗaukar mutum wajen 50,000, shi ne fadar Yuniyan da ƙungiyar ƙasa ta All Blacks, waɗanda rabon a doke su a wurin tun 1994. Filin Mount Smart kuwa yana can tsakiyar masana'antu da rumbunan ajiye kaya, gidan ƙungiyar Warriors ta Lig, kuma galibin masu cika shi talakawan kudancin birnin ne, Maori da mutanen Samoa da Tonga, da tutoci da kiɗa da jarirai a kafaɗa.

Tsakanin waɗannan filaye biyu rayuwar Sonny Bill Williams ta gudana. Dattijon ya kai ni unguwar Mount Albert, inda Sonny Bill ya tashi a gidan haya na gwamnati. Gidaje ne na katako, ƙanana, kowanne da ɗan fili a gaba da igiyar shanya a baya. An haife shi a 1985, mahaifinsa ɗan asalin Samoa, mahaifiyarsa Baturiya, kuma gidansu gidan Lig ne gaba da baya. Ya sha faɗa cewa burinsa na yarinta shi ne ya saya wa mahaifiyarsa gida. Yana matashi ƙungiyar Bulldogs ta birnin Sydney ta ɗauke shi, ya fara buga babbar gasar Ostireliya a 2004 yana da shekara 18, kuma a shekarar suka ci kofi.

Sai ga abin da har gobe wasu ba su yafe masa ba. A Yulin 2008, ana tsakiyar kakar wasa, da sauran shekaru a kwantiraginsa, ya hau jirgi ya tafi Toulon ta Faransa ya koma Yuniyan, bai yi sallama da abokan wasansa ba. Jaridun Sydney suka yi masa ca. Sai da aka biya Bulldogs diyyar dalar Ostireliya 750,000 kafin ƙura ta lafa. Ni dai ba na ganin tafiyar a matsayin abin yabo, alkawari kaya ne. Abin da ya biyo bayanta shi ne ya sa nake girmama mutumin.

A Lig ɗan gaba ne, cikin masu karo da ƙirji. A Yuniyan aka mai da shi tsakiya cikin 'yan baya, inda aikin na karanta fili ne da sanin lokacin da za a saki ƙwallo. Tauraron da Sydney ke ji da shi ya koma tambayar inda zai tsaya. Dole ya manta da bugun kafaɗa da ya yi suna da shi, domin a Yuniyan laifi ne ka tare mutum ba ka rungume shi da hannu ba. Dole ya koyi abin da ake yi bayan an faɗi ƙasa. Wanda ya ɗauki nauyin koya masa shi ne Tana Umaga, tsohon kyaftin ɗin All Blacks, wanda ke horar da Toulon a lokacin.

Abu ɗaya ya tsallako da shi daga tsohon gidansa, kuma na ga yadda ake koyar da shi da idona. Wata yamma dattijon ya jera yara 'yan shekara 10 zuwa 12 a filin unguwa. Ya ce yaro ya ruga da ƙwallo, biyu su kama shi, ɗaya a ƙugu ɗaya a ƙafa. Yana cikin faɗuwa sai ya 'yantar da hannu ɗaya, ƙwallon na manne a tafinsa, ya zagaya da shi ta bayan wanda ya kama shi, ya sakar wa abokinsa da ke tafe a guje. Wani ɗan siriri ya gwada, ƙwallon ya suɓuce ya faɗa taɓo. Dattijon ya durƙusa, ya buɗe masa yatsu a kan ƙwallon, ya ce, "Ɗana, kada ka kalli wanda ya kama ka, ka nemi ɗan'uwanka." Da yaron ya dace a karo na gaba sai sauran suka ɗauki ihu suna kiran sunan Sonny Bill. Hikimar ita ce mutum biyu sun ƙare a kanka, don haka akwai gurbin da babu mai tsaro, kuma abokinka ne zai ci moriyarsa.

A Toulon ɗin ne Sonny Bill ya musulunta a 2009. Ya ba da labarin wani iyali 'yan Tunisiya da ya saba da su a can, masu zaune a ɗan matsattsen gida da 'ya'yansu, waɗanda wadatar zucinsu ta sa ya dubi rayuwar shaye-shaye da ya yi a Sydney da wani ido. A 2010 ya bar maƙudan kuɗin Faransa ya koma gida neman baƙar rigar ƙungiyar ƙasa, ya same ta a watan Nuwamba a wasa da Ingila, ya zama Musulmi na farko da ya buga wa All Blacks. Yana cikin waɗanda suka ci Kofin Duniya a 2011, lokacin da suka doke Faransa da ci 8 da 7 a Eden Park. A 2012 ya ci gasar Super Rugby da ƙungiyar Chiefs, ya kuma ci kambin damben zamani na masu nauyi na ƙasarsa. Wani zai ce ai ya samu wurin zama. Sai ya sake komawa Lig a 2013, ya ci kofin Ostireliya da Sydney Roosters, ya kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya na Lig da ƙasarsa, inda Ostireliya ta lallasa su. Daga nan ya sake juyowa Yuniyan.

A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2015 a Landan daga benci ya taso, kamar yadda ya yi a 2011. Mutum mai irin sunansa ya yarda ya jira a kira shi. An sa shi bayan hutun rabin lokaci, ba a jima ba 'yan Ostireliya suka yi masa taron dangi, ya sakar wa Ma'a Nonu ƙwallo ta sama, shi kuma ya keta fili ya dire. An tashi 34 da 17. Suna zagayen murna wani yaro ya tsallako fili, mai gadi ya kayar da shi, Sonny Bill ya ɗaga yaron ya raka shi wurin iyalinsa, ya cire lambar zinarensa ya rataya masa a wuya.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 agararsa ta tsinke a wasan farko. A 2017 tsohon bugun kafaɗar nan ya dawo masa a wasa da Lions na Birtaniya da Ayilan, aka ba shi jan kati, ɗan All Blacks na farko da aka kora daga fili cikin shekara 50. Amma a shekarar ne kuma aka yi abin da ya fi ɗaga darajar ƙasar a idona. Ya fito wa ƙungiyar Blues ta Auckland da filasta manne a wuyan rigarsa, ya rufe tambarin banki saboda addininsa ya hana riba. Aka yi ta muhawara a rediyo da jaridu, sannan hukumar wasan ta tabbatar cewa kwantiraginsa ya ba shi damar ƙin tallata banki da giya da caca, aka ɗinka masa rigar da babu tambarin. Musulmi a ƙasar tsiraru ne ƙwarai, amma aka ba shi haƙƙinsa.

Na gangara kudu zuwa Christchurch, na yi Juma'a a masallacin Al Noor, ɗaya daga masallatai biyu da aka kashe mutum 51 a cikinsu ranar 15 ga Maris, 2019. Masallacin na fuskantar dandalin Hagley, inda mako guda bayan harin dubban mutane suka taru, Musulmi a sahu, maƙwabtansu na tsaye a bayansu, aka watsa kiran salla a rediyo da talabijin na ƙasa. Sonny Bill na cikin sahun ranar, ya kuma ziyarci asibiti. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa ma ta karɓi kalmar shahada.

Sonny Bill ya buga wa All Blacks wasa 58, ya sake komawa Lig a 2020 da ƙungiyar Toronto ta Kanada, ya ƙarasa a Roosters, sannan ya yi ritaya a 2021. Har yanzu mutanen Auckland ba su daina gardama a kansa ba. Na Mount Smart na cewa nasu ne, aronsa kawai aka yi. Na Eden Park na nuna kofunan duniya biyu. Mai masaukina ɗan Lig ne tun yarinta, amma yaran da yake horarwa wasu Yuniyan suke bugawa a makaranta, Lig a unguwa, kuma ya ce tuni ya daina tilasta musu zaɓen ɗaya.