Hanyar Yanke

Kakana, wanda ya yi farauta a dajin Birnin Gwari, yakan ce kada mutum ya bi yanke sai ya san inda zai ɓulla. Ban fahimci maganarsa ba sai da na fara koyarwa. Wata rana ina aiki da Linux, na rubuta umarnin cd na shiga wata folda da na zaci kwafi ce, na goge abin da ke ciki. Ashe yanke ce, ta kai ni ainihin ma'ajiyar sakamakon ɗalibaina. Kwana uku na yi ina sake shigar da maki daga takardu. Tun daga ranar, ba na goge komai sai na rubuta pwd -P, domin shi ke nuna haƙiƙanin inda nake tsaye, ba hanyar da na biyo ba.