Daga Suleja Zuwa Tulo-Tulo

Mun bar Suleja bayan sallar asuba, muka bi ta Kaduna muka kwana a Kano. Washegari sai Haɗeja, Nguru, Gashuwa, har Yusufari a Jihar Yobe. Daga nan babu sauran kwalta, sai mota mai giyar taimako da direban da ya san rairayi. Kafin mu tashi ya rage wa tayoyi iska don kada su nutse.

Tulo-Tulo tuddan yashi ne jajaye, a ƙarƙashinsu kuma dausayi mai dabino da goriba, inda ake haƙar kanwa. Yankin Bulatura ne, wani sashe na gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Baƙi hoton tuddan suke zuwa ɗauka. Ni kuwa kalumbo ne ya tsayar da ni, wani tsiro kore shar mai siraran rassa kamar tsintsiya, kusan babu ganye. Saiwarsa na nitsawa can ƙasa neman laima, duk yashin da iska ta kwaso kuma a gindinsa yake taruwa. Na durƙusa na ga ƙananan furanni rawaya, ƙudan zuma da ƙananan ƙudaje na ta kai-komo a kansu, alhali ko'ina ya bushe ƙayau.

Gefe guda ga tumfafiya, wadda mu a Suleja sai a juji muke ganinta, ko a hannun Fulani masu daskarar da nono. A bayan ganyenta akwai tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya, tana cin ganyen. Dafin farin ruwan da ke cikin ganyen yana zama a jikinta har ta rikiɗe ta koma malam-buɗe-littafi, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarinta. Wani yaro makiyayi ya nuna mini farar tumfafiya, ya ce, "Baba, wannan ba a soya ta."

Abin da ya dame ni shi ne kututturen kalumbo da na gani an sare don shinge da makamashi. A wajen Gure da Maine-Sorowa a Nijar, da rassansa ake kafa katangar tare yashi. Masu aikin dashen itatuwa a Yobe, ku fara da kare wanda ya tsiro da kansa kafin ku kawo dalbejiya daga gari.