Kiɗa Ba Na Masu Ji Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu za mu tarar da makaho ko kurma a ajin da za a ba mu. An saba zaunar da su can baya, a ce kiɗa da waƙa ba darasinsu ba ne. To, ga abin da na gani da idona.

Sa'ad da aka tura ni koyarwar gwaji a wata firamare a nan Gombe, na sami yara uku: yarinya kurma, da yaro makaho, da wani wanda karatu ba ya zama a kansa. Ita yarinyar sai na sa ta ɗora tafinta a jikin ganga ina bugawa. Fata na girgiza, girgizar na shiga hannunta. Kafin mako uku, in na buga sai ta mayar mini daidai. Ba abin mamaki ba ne, gama Evelyn Glennie, makaɗiyar Sikotland, ta kurumce tana shekara 12, takan yi kiɗa ba takalmi domin ta ji ta ƙafa. Mai wuyar karatun kuwa, da muka sa "biyu sau biyu huɗu" cikin waƙa da tafi, sai ga lissafi ya zauna.

Makahon ya fi sa ni tunani. In an rera waƙa sau ɗaya, ya ɗauke. Amma mahaifinsa ya zo ya ce, "Malam, na kawo shi makaranta don kada ya yi bara, kai kuma waƙa kake koya masa?" Maganarsa da nauyi, gama a ƙasarmu in aka ji makaho na waƙa, sai a duba ƙoƙo a hannunsa.

Na ce, "Baba, wannan ilmi ne, har rubuta shi ake yi." Na gaya masa Louis Braille, makahon Faransa, ya fitar da littafinsa a 1829, ɗigo shida da ake shafawa da yatsa sun isa rubuta magana da kiɗa duka. Na kuma ce tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, ana koyar da wannan rubutu. Ya ce zai yi shawara. Washegari yaron ya zo.

A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Amma doka ba ta shiga aji, malami ke shiga. Saboda haka in an ba ku irin waɗannan yara, ku jawo su gaba, ku nemi hanyar da kiɗa zai shigi kowannensu.