Wasan Da Ba Shi Da Bakin Fili

Duk wasan da ɗan Adam ya taɓa ƙagowa yana da iyakar da ido ke gani. Mai dara yana da gurabunsa talatin a ƙasa, in ya ɗaga kai sai ya ga kasuwa da mutanenta. 'Yan ƙwallo suna da farin layi, wanda ya ƙetare shi ya fita daga wasa. Ko wasannin da yaranmu ke yi a talabijin da wayar hannu, allon yana da gefe huɗu, bayan gefen kuwa akwai ɗaki, akwai mai sallama a bakin ƙofa. To, yau ina so mu dubi wani irin wasa wanda manyan kamfanonin duniya ke zuba dukiya don su kammala shi, manufarsu kuwa ita ce a share wannan iyaka ƙaƙaf, mutum ya nutse cikin duniyar da na'ura ta gina har ya zamana duk inda ya juya ita yake gani.

Wannan buri ba na jiya ba ne. A shekarar 1965 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Ivan Sutherland, ya rubuta 'yar maƙala inda ya sifanta ɗakin da na'ura za ta mallaki abin da ke cikinsa, har kujerar da ta nuna a iya zama a kanta, harsashin da ta nuna kuma ya iya kisa. A 1968 shi da ɗalibinsa suka haɗa tabarau na farko mai nuna zanen kwamfuta yana juyawa tare da kan mutum. Kamfanin Nintendo na Japan ya gwada sa'arsa a 1995 da wata na'ura mai suna Virtual Boy, kasuwa ta ƙi ta, aka janye ta cikin shekara guda. Sai a 2012 wani saurayi, Palmer Luckey, ya tara kuɗi daga hannun jama'a don yin tabarau mai suna Oculus, a 2014 kamfanin Facebook ya saye shi a kan wajen dala biliyan 2, a 2021 ma kamfanin ya sake wa kansa suna zuwa Meta don ya nuna inda ya sa gaba. Sashen da ke wannan aiki ya yi asarar fiye da dala biliyan 13 a 2022 kaɗai, ba su fasa ba. Ɗan kasuwa ya san ba a jure irin wannan faɗuwa sai in an hango riba wadda ta fi ta.

Yadda abin ke aiki ba sihiri ba ne. Allah Ya yi mana ido biyu, kowanne yana ganin abu ta ɗan ɓangare dabam, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu ta fitar da nisa da kusa. Tabarau ɗin yana rufe idanu, ya ba kowane ido nasa hoto, sa'an nan ya riƙa auna motsin kai yana sauya hoton wajen sau 90 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta yadda in ka waiwaya sai ka ga abin da ke bayanka a cikin wasan. Waɗanda suka leƙa Kitabul Manaziri na Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira ya rasu wajen 1040, ba za su yi mamaki ba, domin shi ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, kuma gani ba ya cika sai hankali ya yi hukunci a kansa. Ya ware babban sashe a kan kurakuran gani. Abin da ya lissafa a matsayin kuskure, shi ne yau aka mayar sana'a.

Wani ɗalibina ya taɓa sa mini irin wannan tabarau a zaurena. Na tarar da kaina a kan wani siririn katako a ƙolin bene mai tsawo, aka ce in taka. Na san sarai tabarma ce a ƙarƙashin ƙafata, ni na shimfiɗa ta da hannuna, amma gwiwata ta ƙi yarda da abin da na sani. Ilmi yana gefe guda, jiki yana gefe guda, jikin kuwa shi ya rinjaya.

Duk da haka, nutsewar ba ta cika ba tukuna, kuma akwai dalili. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai ruwa wadda ke sanar da mutum ko yana tafiya ko yana tsaye. In ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana zaune, sai jiri da tashin zuciya su taso. Hannu kuma ba ya jin nauyin takobin da ido ke gani, hanci ba ya jin ƙamshin lambun. An yi safar hannu da riguna masu girgiza, an yi dandamali mai santsi da mutum zai yi ta tafiya a kai bai gusa ba, amma duk wannan ɗinki ne a kan ɗinki. Saboda haka masu dogon buri suka ce a bar bin ƙofofin nan biyar ɗaya bayan ɗaya, a shiga ta ƙwaƙwalwa kai tsaye.

A watan Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wata 'yar na'ura a kan wani mutum wanda jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ba a jima ba aka nuna shi yana buga shaɗaranji a kwamfuta da tunani kawai. Wannan rahama ce ga marasa lafiya, ba mai musun haka. Sai dai a lura, karanta niyyar mutum daga ƙwaƙwalwarsa abu ne guda, rubuta masa gani da ji da taɓi a cikinta wani abu ne dabam mai wuyar gaske. Na'urar nan tana da bakin waya 1,024, alhali jijiyar gani ta ido ɗaya tana da zare fiye da miliyan guda. Na'urar da ake dasa wa kurame a kunne, wadda aka shafe shekaru ana aiki da ita, bakin wayarta bai wuce ashirin da 'yan kai ba, sautin da take bayarwa kuma sai an koyi sauraronsa. A ganina tafiyar da sauran nisa ƙwarai. Amma wanda ya ga yadda waya ta tashi daga ofishin gidan waya ta koma aljihun mai tura baro, ba ya gaggawar cewa abu kaza ba zai yiwu ba.

To, mu ƙaddara an kai can. Ma'aikaci ya taso daga ofis da la'asar, ya kishingiɗa, ya sa hularsa, sai ga shi sarkin yaƙi a wani birni mai ganuwa, yana jin zafin rana a bayansa da warin gumin doki, abokan wasansa ɗaya yana Jakarta ɗaya yana Istambul, suna magana na'ura na fassarawa. A can ba a bin sa bashi, ba wanda ya tsallake shi a ƙarin girma. In an kashe shi ya tashi ya sake. Zan yi ƙarya in na ce ban ga abin sha'awa a nan ba. Ɗalibi zai iya yawo cikin Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, gurgu ya yi gudu, matuƙin jirgi da likitan fiɗa su yi kuskurensu inda ba a mutuwa, wannan na ƙarshe ma tuni ana yin sa.

Akwai wani labari wanda galibi ake kawowa don yabon wannan fasaha, ni kuwa tsoro yake ba ni. A Jami'ar Washington ta Amurka masu bincike sun ƙera wani wasa na duniyar ƙanƙara, suna sa wa waɗanda wuta ta ƙona lokacin da ake wanke musu ciwo, majinyatan kuma suka ce zafin ya ragu. Dalili shi ne hankalin mutum yana da ma'auni, in aka cika shi da wani abu sai ciwo ya rasa wurin zama. Madalla da wannan a asibiti. Amma ya kai mai karatu, abin da ya iya shagaltar da mutum daga zafin ƙuna, ina kukan jariri, ina kiran salla, ina yunwa, a wurinsa?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labari a cikin Almunƙizu minal Dalali yadda ya taɓa tuhumar gaɓoɓinsa na ji da gani. Ya kawo misalin inuwa da ake ganinta a tsaye alhali tana tafiya, da tauraro da ake ganinsa kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma, sa'an nan ya kawo mai mafarki wanda ba ya shakkar abin da yake gani sai ya farka. Mai mafarki dai farkawa ce ke kuɓutar da shi, kuma farkawar kyauta ce, ba a hannun kowa take ba. Shi kuwa wannan mafarki da ake ginawa yana da mai shi, mai shi ɗin kuma ɗan kasuwa ne, wanda ribarsa ke ƙaruwa gwargwadon daɗewarka a ciki. Wasu daga cikin tabarau na yanzu, irin Vision Pro da kamfanin Apple ya fitar a 2024 a kan dala 3,499, suna bin ƙwayar ido don su san inda take kallo. Ku 'yan kasuwa kun san darajar sanin hajar da idon mai saye ya tsaya a kai kafin ya buɗe baki. Ku ƙiyasta kasuwar da mai rumfa ɗaya ne ya gina ta, shi ke da hajar, shi ke da kuɗin da ake ciniki da su, shi ke kunna rana ya kashe ta, kuma shi ya san inda ya sa ƙofar fita.

Hukumomi sun fara farga tun wasannin suna kan allo mai gefe huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, ta ce alamarta ita ce mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da ya ga ɓarna. Ƙasar Sin a 2021 ta kafa doka cewa 'yan ƙasa da shekara 18 ba za su yi wasan intanet ba sai awa guda a ranakun Jumma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. Wasu sun ce dokar ta yi tsanani, wasu yaran kuma suka koma shiga da sunan iyayensu.

Ni dai da za a tambaye ni, ba zan ɓata lokaci wajen kyawun hoto ko farashi ba. Zan nemi a shardanta wa masu ƙera abin nan cewa agogon gaskiya ya kasance a gaban mai wasa kullum, kada kamfani ya iya ɓoye shi. Muryar wanda ke ɗakin ta riƙa ratsawa ta isa kunnensa. Maɓallin fita kuma ya zama na ƙarfe, a jikin hular, inda hannun matarsa ko ɗansa zai iya kaiwa. Masu ƙerawa za su ce wannan yana rage daɗin nutsewa, kuma sun yi gaskiya, yana ragewa. Wasu daga cikin tabarau na yau suna zana wa mai wasa wani shinge na haske in ya kusa cin karo da bangon ɗakinsa, don gudun kada ya fasa goshi a kai su ƙara.