Na cika shekara 27 a duwatsun Abzin: zare 🧵

1/ Bana ban yanka kek ba, ban kama wurin fati ba. Kuɗin da zan kashe a kan waɗannan na haɗa da na abokaina uku, muka yi tafiyar kwana takwas zuwa Agadas da duwatsun Abzin a Nijar. Mutane da yawa sun tambaye ni yadda aka yi, to ga bayani. Ku gyara zama.

2/ Hanya tukuna. Daga Kano muka bi Daura, muka tsallaka iyaka a Kongolam, muka wuce Matamaye da Kance, muka kwana a Damagaram. Ku riƙe sunan Kance, zan dawo kansa. Washegari muka miƙa arewa ta Tanut, tafiyar wuni guda. Kana tafiya bishiyoyi na raguwa, gonakin gero na ƙarewa, har ka ga babu komai sai ƙaya da raƙuma.

3/ Abin da ya fara burge ni a Agadas: ko'ina Hausa ake yi. Kasuwa, tasha, wurin mai shayi. Za ka ga Ba'abzine ya naɗa rawani ido kawai ake gani, ya buɗe baki ya gaishe ka da Hausa tsaf. Ban ji baƙunta ba ko ta minti ɗaya.

4/ Babban masallacin garin da laka aka gina shi, hasumiyarsa ta kai mita 27. An gina shi a 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mun hau hasumiyar. Matakalar na ƙara matsewa kana yin sama, har sai ka sunkuya. Mita 27, shekara 27, abokaina suka ce ai don ni aka gina. 😂

5/ Maganar gaskiya kafin wani ya ɗauki jaka: ba a fita bayan garin Agadas da ka. Akwai matsalar tsaro a yankin. Sai da izinin hukuma, da jagora ɗan ƙasa, da mota mai ƙarfi, kuma in an ce a jira, a jira. Mu ma sai da muka zauna kwana biyu kafin a ce mu tafi.

6/ Daga nan muka nufi Timiya, sama da kilomita 200 cikin duwatsu, babu kwalta. Bayan an fita gari kaɗan sabis ya ɗauke. Ni da na saba duba waya kowane minti biyar, sai ga ta ta koma tocila da kyamara kawai.

7/ Timiya kuwa sai wanda ya gani. Duwatsu baƙaƙe ƙirin sun kewaye ta ta ko'ina, amma a tsakiya lambuna ne kore shar: dabino, lemo, rumman, albasa. Raƙumi ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi ƴar magudana zuwa kowane fangali. Ko ɗigo ba ya tafiya a banza.

8/ Ranar zagayowar haihuwata muka tashi da asuba. Watan Disamba ne, sanyin wurin har cikin ƙashi, alwala ma sai da jarumta. Muka kama hawan dutse a ƙafa, kowa da gorar ruwa. Jagoranmu dattijo ne da ya haura sittin, takalmin fata kawai a ƙafarsa, amma mu matasa muke haki a bayansa.

9/ Da muka tsaya hutawa na ɗaga gora zan kwankwaɗa, sai ya dafa hannuna. Ya ce, “Yarona, kurɓi kaɗan ka riƙe a baki kafin ka haɗiye. Ruwan da ke hannunka shi ne naka, na gaba ba ka san shi ba.” Na ce, “To Baba.” Haka muka yi har muka kai sama, kuma ruwan ya ishe mu.

10/ Daga saman dutsen kana ganin kwarin Timiya kamar koren zare a kan baƙin mayafi. Shirun wurin ne ya fi ba ni mamaki. Babu janareta, babu hon ɗin adaidaita, har bugun zuciyarka kana ji. Babu wanda ya turo min saƙo, babu wanda na jira ya sa hotona a status. Karon farko da na zauna na lissafa shekaruna ni kaɗai, na ga inda suka tafi.

11/ Kek ɗina a daren nan sunansa tagella. Ƙullun fulawa ne ake binnewa cikin rairayi mai zafi da toka, in ya gasu a kakkaɓe, a gutsuttsura a zuba miya. Aka bi da shayi kofi uku, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Taurari kuwa kamar ka miƙa hannu ka tsinko.

12/ A bakin wutar ne Baba ya ba mu labarin ayarin gishiri. Mutanen Timiya sun shahara da shi: su ratsa Tenere da raƙuma zuwa Bilma su ɗauko gishiri da dabino, su gangara ƙasar Hausa su sayar, su koma gida da gero. Wato kantun gishirin da kakanninmu ke saya a kasuwa, wani ne ya yi makonni a ƙafa ya kawo shi.

13/ Na tambaye shi ko yana tsoron hamada. Ya yi ɗan shiru, ya ce, “Wanda ya san rijiyoyi ba ya tsoro, amma yana girmama ta. Masu mutuwa su ne waɗanda aka loda a mota ba su san inda ruwa yake ba.”

14/ Nan na tuna Kance. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 yara ne, 33 mata. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, Hausawa irinmu, neman abin da za su ci ya fitar da su. Garin da muka wuce muna dariya muna ɗaukar bidiyo.

15/ Hamadar da na biya kuɗi na je kallo, ita ce wasu sa'annina ke ratsawa a bayan Hilux zuwa Libiya, an cusa su kamar buhuna. Ni ina da jagora, ina da ruwa, ina da gidan da zan koma. Bambancinmu ke nan, kuma ba wayona ne ya ba ni ba. Wannan tunanin ya fi duk wata kyauta da aka taɓa ba ni a irin wannan rana.

16/ Ga mai son zuwa: ka zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka tafi da rigar sanyi, rawani ko mayafi saboda ƙura, takalmi mai kama ƙasa, da ruwa fiye da yadda kake zato. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutane. Kada ka bar leda ko roba a wurin. Ka sayi lemo da dabino a hannun masu lambu, kada ka matse su wurin ciniki.

17/ Ba na cewa fati laifi ne, kowa da abin da yake so. Amma in kana da hali, ko sau ɗaya ka yi wannan ranar a inda waya ba ta aiki. In kuma kana da ƙani ko aboki da ke shirin bin sahara don ci-rani, tura masa lamba 13 da 14 ya karanta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, mu kuma ya sa albarka a sauran kwanakinmu. 🤲