Yaranmu Suna Kokawa a Makaranta, Alƙali ne Babu

Yau ba maganar taki ko albashi na zo da ita ba, maganar kokawa ce, kuma ina roƙon iyaye da malaman sakandare na Kankia da Kusada su daure su karanta har ƙarshe.

Ko mun so ko mun ƙi, yaranmu maza suna kokawa. Da an buga ƙararrawar tara-da-rabi za ka gan su bayan aji, an yi da'ira, biyu na tsakiya. Babu babba a wurin, babu mai raba su, kuma ƙasar nan tsandauri ce, wani wurin ma har da ɓaraguzan bulo. A zangon karatun da ya wuce, ɗan wani maƙwabcina a nan Sukuntuni ya dawo gida da karaya a kafaɗa. Ɗan aji biyu ne na ƙaramar sakandare, wanda ya ɗaga shi ya maka da ƙasa kuwa ɗan ajin ƙarshe ne, ya kusa ninka shi nauyi. Sati shida yaron yana zaune wurin mai ɗori, jarrabawa ta wuce shi, iyayen yaran biyu kuma har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Abin da makarantar ta yi shi ne ta ce an hana kokawa, wanda aka kama bulala. To, ai sun koma bayan katanga ne kawai.

Mu da muka tashi lokacin da dandali ke da rai mun san kokawa ba ta taɓa zama ba doka ba. Bayan kaka, in wata ya yi fari, a kan rairayi ake yi. Ba ka fito da wanda ba sa'anka ba, in ka yi haka manya ne za su kore ka. Ba naushi, ba cizo, ba shaƙe wuya. Da an yi kaye magana ta ƙare, wanda ya yi kayen shi ke miƙa hannu ya tada ɗan uwansa. Yanzu rashin tsaro ya sa mutane da yawa ba sa barin yara fita da dare, waya kuma ta cinye sauran lokacin. Dandalin ya mutu, dattawan da ke tsare dokar sun koma gida, amma ƙarfin da ke jikin ɗan shekara 15 yana nan inda yake.

Ku dubi yadda Amurka ta yi da nata. Can kokawa wasa ce ta makarantun sakandare, da dokokinta a rubuce. Kafin a fara sai an ɗora kowane yaro a sikeli, domin an kasa su rukuni-rukuni bisa nauyi, galibi rukuni 14. Ana duba fatar jikinsa ko yana da cuta mai yaɗuwa, sannan dole ya sa abin kare kunne. Turmi uku ake yi, kowanne minti 2. In ka kai abokin karawarka ƙasa ka danne shi kana da maki 3, in ya kuɓuce yana da maki 1, in ya juyo ya hau kanka yana da 2. In ka manne kafaɗunsa biyu a shimfiɗa na daƙiƙa 2, ka ci wasan nan take. In ka ba shi tazarar maki 15, alƙali zai tsayar da wasa, ba a jira a wulaƙanta yaro. Kuma wanda ya ɗaga abokinsa sama, shi ke da alhakin sauke shi lafiya. In ya maka shi da ƙarfi, shi za a hukunta. Da wannan doka ɗaya tak tana aiki a bayan ajin nan, da ɗan maƙwabcina ya rubuta jarrabawarsa.

Kada wani ya ce ai wannan Turawa ne. Ga Nijar nan kusa da mu. Tun 1975 suka fara gasar Takobi a Tawa, Yakuba Kantu na Maradi ya fara ɗauka, yau filin kokawar Maradi sunansa yake amsawa. Jihohi takwas, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, da alƙalai, da agogo, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya tana saurare. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin sau shida. A nan gida kuwa, Daniel Igali ɗan Bayelsa da kokawar gargajiya ya fara kafin ya ci wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 2000, Blessing Oborududu kuma, ita ma 'yar Bayelsa, ta kawo wa Nijeriya azurfa daga Tokyo a 2021. Mu da kokawa take gadonmu, ina namu?

Shawarata ba mai tsada ba ce. A shigar da kokawar gargajiya cikin wasannin makaranta, da dokoki biyar. Na farko, a haɗa yara bisa nauyi, ba bisa aji ba. Sikeli ɗaya ya ishi makaranta. Na biyu, a kan yashi za a yi, tifa ɗaya ko biyu, a kewaye da buhunan ƙasa, a tsince duwatsu. Na uku, a yanka lokaci, in ya cika ba kaye a ce canjaras, kowa ya huta. Na huɗu, ba shaƙewa, ba murɗe hannu ko yatsa, ba jefa mutum ta ka, kuma a yanke farce. Na biyar, ba a yi sai malami na tsaye da usur, maganarsa ita ce ta ƙarshe, kuma a yi musafaha kafin a fara da bayan an gama.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: kokawa ai da layu da guraye take tafiya, ga caca a gefe. Gaskiya ne, ana ganin haka a wasu filayen. Amma a makaranta mu ke da iko. A ce ba laya, ba kuɗi, wanda kuma ya faɗi jarrabawa ba zai shiga fili ba sai ya gyara. Za ku sha mamakin yadda yaron da ke gudun aji zai riƙe littafi don kada a cire sunansa. Kuma yaron da aka kayar a gaban jama'a, ya tashi ya kaɗe jikinsa ya ba da hannu, ya koyi wani abu da muke matuƙar buƙata a wannan zamani na 'yan daba da ramuwar gayya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsofaffin 'yan kokawarmu suna nan da ransu a ƙauyuka, wasu suna noma, wasu suna fawa. A gayyato su su koya wa malaman wasanni kamu da taɗiya, a ɗan ba su na goro. Duk wanda ke cikin ƙungiyar iyaye da malamai ya tada maganar a zama na gaba, a fara da makaranta ɗaya a ga yadda za ta kaya. In ta yi kyau, sai a haɗa Kankia da Kusada bayan kaka mai zuwa.

Wanda ya san tsohon ɗan kokawa a garinsu da zai yarda ya taimaka, ya yi mini magana. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya.