Goron salla da haƙƙin salla

Shekara bakwai ke nan yayana yana aiki a wani babban shagon kayan gini a Maraɗi. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke ƙidayar buhunan siminti. Amma duk shekara, in azumi ya kai ashirin, sai gidanmu ya shiga zaman jira. Inna ba ta tambayarsa kai tsaye, sai dai ta ce: "Ina maigidan naku, lahiyarshi lau?" Kowa ya san abin da take nufi. Wata shekara ya zo da jikka ashirin da turmin atamfa, wata shekara rabin buhun shinkafa. Bara kuwa hannu rabbana ya shigo, wai kasuwa ba ta yi ba. Da na ce ya je ya tambaya, sai ya ce mini: "Kai ɗan boko, ana roƙon goron salla? In ya ba ka, ka gode. In ya hana, ba ka bin shi bashi."

Ban samu abin da zan ce masa ba sai bana, kuma ta inda ban zata ba. Malaminmu ya ba mu aiki a kan kalmomin Larabci da suka shiga harsunan da ke nesa da juna, ni kuma na ɗauki Hausa da harshen Indonesiya. Abin mamaki, su ma suna da "hak", wato haƙƙi, da "wajib", wato wajibi, da "sedekah", wato sadaka. Ina cikin neman jimlolin misali da ke ɗauke da "wajib", sai na yi ta cin karo da haruffa uku: THR.

Cikakken sunan shi ne Tunjangan Hari Raya. "Hari raya" babbar rana ke nan, ranar idi, "tunjangan" kuma kuɗin tallafi ne da ake ɗorawa a kan albashi. A taƙaice, goron salla ne, amma wanda doka ta tsaya masa. Bisa ƙa'idar da ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta fitar a 2016, wanda ya shekara yana aiki a wuri yana da albashin wata ɗaya cur. Wanda bai kai shekara ba, in dai ya yi wata guda, a lissafa masa gwargwadon watanninsa: mai wata shida ya samu rabin albashi. Dole a biya aƙalla kwana bakwai kafin idi, kuma da kuɗin ƙasar, rufiya, ba shinkafa ko atamfa ba. Maigidan da ya makara akwai tarar kashi 5 cikin 100 a kansa, kuma tarar ba ta ɗauke masa bashin. Kowa da idinsa: Musulmi a ƙaramar salla, Kirista a Kirsimeti, haka mabiya Hindu da Buda a nasu bukukuwan. In lokacin ya zo, gwamnati kan buɗe wuraren karɓar ƙorafi don wanda aka hana.

Ba daga sama abin ya faɗo musu ba. A farkon shekarun 1950, zamanin firaminista Soekiman, ma'aikatan gwamnati kaɗai ake ba. Sauran ƴan ƙwadago suka ce ba su yarda ba, aka yi ta ja-in-ja, sai a 1994 aka fitar da ƙa'idar da ta ɗora shi sosai a wuyan kamfanoni masu zaman kansu.

Kar ku ɗauka can ɗin aljanna ce. Ƙungiyoyin ƙwadago na kukan cewa wasu kamfanoni kan tsara kwantiragin mutum ta ƙare kafin azumi don su tsira da kuɗin. Dokar ta toshe wata kafa: ma'aikacin dindindin da aka sallama cikin kwana talatin kafin idi yana nan da haƙƙinsa. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce dabarar suna. Ƴan kabu-kabunsu da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya, ba a kiransu ma'aikata, "mitra" ake ce musu, wato abokan hulɗa. Abokin hulɗa kuwa ba ya cikin waɗanda dokar ta ambata. A 2025, da gwamnati ta sa baki, an ba su wani abu, amma sai aka canza masa suna, aka kira shi da kalmar da ke nufin ihisani. Da yawansu sun ce abin da ya shigo hannunsu bai taka kara ya karya ba.

Nan na tuna da yayana. Shekararsa talatin da ɗaya, ɗiyansa biyu, amma har yau sunansa "yaron shago". Yaro ba ya da albashi, sai "abin da aka ba shi". Yaro ba ya bin bashi, sai dai ya yi godiya. A aji ana koya mana cewa alaƙar kalma da ma'anarta yarjejeniya ce kawai tsakanin masu magana. To, wa ya zauna da yayana aka yi wannan yarjejeniyar?

Ba ina cewa maigidansa mugu ba ne. Ranar sunan ɗiyarsa ta fari, shi ya sayi ragon. Kyauta abu ce mai kyau, kuma ba na fatan doka ta kashe ta. Illarta ɗaya: ba a iya yin lissafi da ita. Tela ba ya karɓar "in Allah ya sa maigida ya tuna".

Da na je hutu na ba yayana wannan labari a fada, ana dafa shayi. Ya yi dariya ya ce: "To ni da a can nike, nawa za ni samu?" Na ce albashin wata guda, kwana bakwai kafin salla. Ya yi shiru yana juya kofi, can ya ce: "Da tun goma ga azumi na kai ɗinkin yara."

Ƴan uwa ɗalibai, gobe wasunmu za su nemi aiki, wasunmu kuma su ne za su ɗauki mutane aiki. In ka zama maigida, da wane suna za ka kira wanda ke buɗe maka shago? Azumi dai ya kusa, kuma Inna ta fara tambayar lafiyar maigidan.